Hatimi na Goma

A aljihun rigar Baba na same shi,
tsakanin ɓarin goro da takardar likita:
ɗan kati, gumi ya cinye gefensa.
"Kantin Alhaji Tankari, kasuwar Tawa.
Sayi sau goma, ka karɓi tukuici."
Gida goma aka zana. Tara sun cika.

Na zauna bakin gadonsa ina bin su da yatsa.
Na farko ƙusa ce, wannan na sani,
shekarar da iskar bazara ta yaye mana kwano
ta kai shi kusa da tabkin Babaye.
Na biyu fenti ne, shuɗi,
don Inna ta gaji da kallon tsatsar ƙofa.
Na uku da na huɗu ban san su ba.
Ina Abijan sa'annan, ina tura baro,
ina aiko da jaka biyar da dogon uzuri.
Na biyar kan famfo.
Na shida igiyar guga,
don famfon bai cika alkawari ba.
Bakwai da takwas tawada ta haɗe su.
Na tara ƙarfen dafawa ne
da ya sa aka kafa a bangon bayi
lokacin da gwiwa ta fara yi masa gardama.
Bai faɗa mini a waya ba.

Ran Lahadi na tafi.
An rataya ƙyalle a bakin kanti, an karya kuɗin kaya,
Illa yaron shago yana ta shela, murya ta dushe:
"Ampul mai cin wuta kaɗan!
Haske kamar rana, ci kamar na jinjiri!"

Alhaji ya karɓi katin, ya juya shi,
ya ɗaga gilashi, ya mayar.
"Nomau," ya ce. "Allah Ya jiƙan rai.
Ko ƙusa ɗaya ce sai ya taya.
Ya ce in ajiye masa farar nan wadda ba ta zafi,
in ya cika goma zai sa ta a zaure,
ƴan lakwal su bar karatu a gindin fitilar titi."

Baban da ke bin ɗaki ɗaki yana kashe wuta,
yana cewa mai kuran ba kawunmu ba ne,
shi ne wannan?

"To, me za a ba ka?"
Kwaɗo na zo saye, in rufe ɗakinsa.
Na dube su jere, manya da ƙanana,
kowane da makullinsa a rataye.
Na ji bakina ya ce:
waya kamu takwas, da makunni ɗaya.

Hatimi ya sauka, tim.
Illa ya hau tsani ya sauko da ita,
ya murɗa ta a allon gwaji, kanti ya yi fari.
"Kwalinta ya ce shekara goma take yi,"
in ji Alhaji, yana murmushi,
"amma kwali bai san kuran ɗin Tawa ba."

Shekara goma.
Shi ko wata goma bai samu ba.

Bayan magariba na ɗaura ta.
Na danna, shiru: an ɗauke wuta.
Inna ta yi dariya, ta farko tun ranar uku,
ta ce ko yana nan ne yana tsimi.
Muka zauna a duhu, sauro yana gaisuwa.
Can wajen lisha zaure ya waye farat ɗaya,
har tsagar bango ta fito, da sawun gara,
da ƙusar da yake rataya hularsa.

Ba wanda ya kira su.
Ƴar Hashiru ce ta fara leƙowa da littafi a hammata,
sai ƙanenta, sai wasu uku da ban sani ba.
Na je na duba konta:
tana tafiya kamar hawainiya mai azumi.

Da zan kwanta na ji wani abu a aljihuna.
Alhaji ne ya cusa mini shi cikin canji:
sabon kati, ba suna,
gida goma, duk wayam.
Tikitin komawata na ran Alhamis ne.
Ƙofar zaure kuwa tana neman fata biyu.