Naman da Bai San Wuta Ba

Mutari ne ya aiko ta daga Faransa,
baƙar na'ura mai ƙafa huɗu da igiyar lantarki,
da buhun garin katako da aka dunƙula 'yan ƙanana.
Inna ta leƙa buhun ta ce,
"Kashin awakin wa kuma aka kwaso mana?"

Na kafa ta a tsakar gidanmu na Birni,
gindin dutsen nan da ya riga katanga zuwa.
Na danna, ta yi gurnani, ta nuna lamba.
Cinyar rago ta fito tana naso,
ba ƙuna, ba toka, ba tabo.
Inna ta gutsura, ta daɗe tana tauna.
"Ya gasu," ta ce,
"amma bai san wuta ba."

Shekara talatin Baba ya yi kan tukuba a Kasuwar Dole.
Rigarsa ko an wanke ta sau uku,
in an shanya, maƙwabta sun san ta wane ne.
Ni da na gudu boko don kada in yi wannan ƙaurin,
yau ga ni ina nemansa da kuɗina.

Na je wurin Kawu Lawandi,
wanda hayaƙi ya cinye wa ido, ya bar masa hanci.
Ya shinshina tsokar, ya miƙo mini abata.
"Kai da injinka duk gaggawa gare ku.
Hayaƙi baƙo ne mai kunya,
ba ya kwana gidan da wuta ke ihu.
Rage mata murya.
Sa naman da sanyinsa, da danshinsa;
in fata ta bushe, ta rufe ƙofa ke nan.
Kuma ka bar murfin nan ya huta,
mai yawan leƙe iska yake gasawa."

Na ce, "To in ya turnuƙe fari fat fa?"
Ya yi tsaki.
"Farin ɗaci ne, na masu ƙona shara.
Nemi siririn nan mai shuɗi-shuɗi,
wanda sai ka juya wa rana baya kake ganinsa."
Ya laluba ƙarƙashin tabarma,
ya zaro guntayen ƙirya guda biyar,
ya ƙirga su a tafina kamar mai biyan bashi.

Gwangwanin madara na huda da ƙusa,
na cusa ƙiryar da ɗan garwashi,
na aje shi a kusurwa, cikin cikin Baturiyar.
Da asuba na sauke lamba zuwa casa'in.
Na zauna.
Ban taɓa sanin zama aiki ne ba.
Sau biyu kawai na ɗaga murfi,
na yayyafa ruwan tsamiya, na rufe da sauri
kamar wanda ya leƙa ɗakin mai jego.

Ana kiran azahar aka ɗauke wuta.
Fankar cikinta ta yi shiru, zuciyata ta karɓe ta.
Kyari tela ya jawo mini waya ta kan katanga,
da sharaɗin haƙarƙari biyu.

Sai bayan la'asar naman ya yi duhu,
launin tsohon sirdi.
Na yanka: ga wani jan zobe a ƙarƙashin ɓawo,
inda baƙon ya shiga ya kwana.
Kyanwar da ba ta taɓa gaishe mu ba
ta zo ta zauna a bakin murhu.

Na kai wa Inna a faranti.
Ba ta dubi farantin ba.
Hannun rigata ta kama,
ta kai hancinta,
ta yi shiru har ladan ya gama.

Sannan ta ce, "Ci naka.
Rigar nan kuma,
kada ka ba da ita wanki tukuna."