Abin da Albasa Ta Koya Mini

Jabbi, ka ce in ba ka sirrin kasuwa.
Ba ni da shi. Tabo kawai gare ni, zo ka gani.

Shekarar fari, buhu uku na ɗauko daga Wurno.
Da riba ta shigo
na ɗinka babbar riga kafin in sayi buhu na huɗu.
Rigar tana nan cikin adaka.
Jarin bai ga damina ba.

Albasa ɗaya in ta ruɓe a rudu
ba ta ihu, maƙwabtanta take shafa a ɓoye.
Haka bashin dangi yake.
Ka juya kayanka kowace safiya, ka sa hanci,
hanci kan riga alƙalami jin asara.

Littafin nan mai yagaggen bango da kake wa dariya,
Hajo ta tilasta mini shi. Ta ce
aljihun rumfa daban, na cefane daban.
Na yi fushin kwana biyu.
Ita ke da gaskiya.

Wani baƙo daga Ibadan ya taɓa biya na
kuɗin buhu ɗaya sau biyu.
Na bi shi tasha da gudu har takalmi ya tsinke.
Shekara sha ɗaya ke nan,
in ya shigo Sakkwato ƙofata yake lodi.

Kada ka buɗe rumfa ta biyu
don ta Haliru ta fi taka faɗi.
Bari ta farko ta iya tsayuwa
ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai.

Sauran ba ya faɗuwa da baki.
Zo gobe bayan asuba,
motar Gada za ta iso, mu sauke tare.