Farin Gefen Takarda

A ƙarƙashin gadar Ojuelegba na tsince shi,
a shimfiɗar wani dattijo mai tsofaffin littattafai,
tsakanin na lissafi da na koyon ɗinki.
Bango ya yage, ya tafi da sunan marubucin.
Na buɗe, na ce wannan ai cuta ce:
kalma huɗu a layi, sauran takarda fari fat,
kamar mai shinkafa ta zuba rabin faranti
ta karɓi kuɗin cikakke.
Duk da haka na miƙa kuɗin motata,
na taka sayyada har Idi-Araba.

Ashe labari ne,
sai dai yana tafe yana tsayawa
kamar mai hawan bene da bokitin ruwa.
Wata yarinya ce a ciki, 'yar gasar ninƙaya,
ba ta taɓa zuwa ta biyu ba,
kuma kullum da asuba sai ta yi amai.
Na rufe littafin. Na duba ko wani ya gan ni.

Sunana Barira,
amma tun ina shekara tara ake ce mini Likita.
Asibitin koyarwa na nan bayan layinmu,
in mun wuce, Baba kan nuna mini shi da haɓa,
ba ya cewa komai.
Tumatir yake sayarwa a Mile 12.
Yatsunsa kan gane tabo kafin idonsa ya gani:
mai kyau sama, mai tabo gefe.
Ranar da na kawo casa'in da bakwai
ya jujjuya takardar a hannu, a hankali,
ya ce, "Ukun fa?"
Ba da faɗa ba.
Da ma faɗan ya yi.

Misis Adebiyi na kafa misali da ni a aji,
har Tolani ta daina zama kusa da ni.
A Islamiyya kada harda ta zame.
A gida kada tuwo ya yi gudaji.
Turancina kada ya yi ƙamshin gida,
Hausata kada ta yi warin Ikko.
Inna ta ce, "In kin faɗi, Barira,
ba ke kaɗai kika faɗi ba,
za a ce dama 'ya'yanmu ba sa iyawa."
Na ɗauki unguwa guda a ka, babu gammo.

Farcena ya ƙare, haƙori ya cinye.
Gashi na bin mataji, ina dunƙulewa
ina cusawa a ƙasan shara.

Daren da aka ɗauke wuta,
janareton maƙwabta na ta tari,
na haska fitilar waya na ci gaba.
Yarinyar ta kai tsakiyar ruwa, tana gaba,
ana ta ihun sunanta,
sai kawai ta tsaya.
Ta juya rigingine, ruwa ya riƙe ta,
tana kallon rufin.

Daga nan shafuka sun ɓalle.
Wata mai ƙosai ta naɗe ƙarshen, wataƙila.
Ban san ko an yafe mata ba.

Farin nan da na kira cuta,
a ciki na fara rubutu da fensir, ƙanana:
Na gaji.
Ba na son jini.
Tambaya ta bakwai na san amsarta,
hannuna ne ya ƙi.

Jiya Inna ta ce in yanka kayan miya.
Na zazzage ledar da Baba ya kawo,
duk masu tabo ne, waɗanda kasuwa ta ƙi,
wannan ya fashe, wancan ya lotsa.
Shekara goma sha shida su muke ci
ban taɓa lura ba.
Baba ya side kwano har da yatsa,
ya ce miya ta yi.

Na buɗe baki zan yi magana.
Aka kira isha'i, ya tashi neman buta.
Litinin akwai jarrabawa.
Littafin na ƙarƙashin katifa,
saura shafi goma sha ɗaya masu fari.