Jan Bangon Inna

Mai fenti a Kasuwar Barci ya gaji da ni.
Ja nake so, amma ba na tumatir ba,
ba na lalle ba.
Sai na kwance ƙullin leda:
ɓarɓashin makubar ɗakin Inna, daga Soba.
Ya shinshina, ya ɗiga baƙi kaɗan, ya juya.

Kwana biyu ina kan benci a Badarawa.
Mai gidan haya ya leƙo:
"Wa ya shigo mini da ƙauye cikin siminti?"

Da la'asar bango ya ɗau ɗumi
kamar tukunya sabuwar gashi.
'Yata Barmani, da ba ta riski Inna ba,
ta jingina kunci.
Fentin bai gama bushewa ba.
Ban goge mata ba.