Ƙulli Biyu

Tun ladan bai rufe baki ba
na baje igiyata a tsakar gida,
ina bin ta da yatsa, taƙi bayan taƙi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ido kan yi ƙarya da asuba,
yatsa bai iya ba.

Sanyin Jos ya sandare ƙugiyoyi.
Na hura musu numfashi, na matsa kowace,
wadda ta ce ƙas ta shiga jaka,
wadda ta yi shiru ta zauna gida.
Ɗamara, hular kwano mai tabo a ƙeya,
safar hannun da Talatu ta yi wa faci,
injin zarto, da mansa a tsohuwar gora,
duk na ɗaure bayan babur.

Itacen turare ne a Rayfield,
ya girmi katangar, ya girmi mai gidan,
ya sunkuyo yana leƙen wayar wuta.
Madam ta ce, "Duk wannan kaya na mene ne?
Yaran unguwa da adda kawai za su hau,
a rabin kuɗinka."
Na ce, "Za su hau, ranki ya daɗe.
Ni kuɗin saukowa nake karɓa."

Davou ne a ƙasa.
Na yi bismilla, ya taɓa goshi da ƙirji,
igiya ɗaya ce tsakaninmu.
Shekara shida yana riƙe da ni
ban taɓa jin wayarsa ta yi ƙara ba,
a aljihun babur yake barin ta.

Ƙullin fari a kafaɗar itace.
Na biyu can gefe, a reshe dabam.
Shi ne mai cin lokaci,
shi ne wanda Tanimu kan tsallake
zamanin da ake ce masa Biri,
yana hawa yana fito.
Shi ya koya mini sana'ar nan.
Yau yana sayar da katin waya a Terminus,
ƙafafunsa a naɗe cikin bargo.
In na wuce yakan ce, "Saluhu,
reshe ba ya rantsuwa."

A sama duniya ƙarama ce.
Kwanon gidaje kamar faranti,
garin katako na shiga wuyan riga,
ƙamshin ganye na buɗe hanci.
Kafin kowane yanka in ce, "Ƙasa!"
in jira Davou ya ce, "Sake!"

Wajen ƙarfe sha ɗaya na taka wani reshe,
lafiyayye a ido, ashe gara ta riga ni.
Ban ji ƙararsa ba. Na dai ga duwatsun Shere
sun kife, ƙafafunsu a sama.
Ƙullin fari ya bi reshe.
Na biyu ya finciko ƙuguna
har na tuna kunun da na sha.

Ina lilo. Zarto na lilo a tasa igiyar.
Hula ta karɓi duka a madadina,
ta sami tabo na biyu.
Davou bai yi ihu ba,
ya dai kafa dugadugansa cikin jar ƙasa
yana kiran sunana a hankali
kamar mai lallashin akuya.

Na koma na ƙarasa ɓangaren waya.
Sai hadari ya taso baƙi ƙirin,
na sauko kafin ƙanƙara ta fara jifa.
Madam ta ƙirga rabi, sauran sai gobe.
Ba ta ga komai ba, tana ciki.

Da dare Talatu ta ƙirga yatsuna
tana yi kamar wasa. Goma.
Ban faɗa mata ba.
Amma na ga inda igiyar ta ƙuje,
na sa wuƙa na raba ta gida uku,
kada wani ya tsinta ya yi kwaɗayi.

Ga ta nan yanzu tsakanin ƙofa da gwaiba,
tana ɗauke da rigunan makarantar yara.