Ƙarfe Biyu da Kwata

Ruwa ya ɗauke, ya bar sanyinsa a kan kwano.
Ni da fitilar caji da shayin da ya huce,
a saman bene, bayan kasuwar Farin Gada,
ina koya wa uwar garke aike guda:
duk baƙon da ya ƙwanƙwasa,
karɓi lambobinsa huɗu masu ɗigo a tsakani,
ki kai wa rumbun bayanai,
ki dawo min da sunan gari.

Layi goma sha ɗaya ne kacal.
Davou ne ya ce a saka,
don mai sayen dankali daga Fatakwal
ya ga kuɗin motarsa tun bai tambaya ba.

Na fara gwadawa da kaina.
Ta ce: Legas.
Na leƙa taga, ga gajimare kwance kan Shere,
ga safa biyu a kowace ƙafata.
Legas ta ina?
Ashe kamfanin waya ke tattara mu
ya fitar ta ƙofa ɗaya, kamar tumatir:
na Bukur, na Mangu, na Barikin Ladi,
in sun sauka a kudu, duk sunansu na Jos.

Wanda kuwa ta rasa garinsa
sai ta kafa masa turke a cibiyar taswira,
wata gona can da ba wanda ya taɓa kwana,
mutum dubu tsaye kan kunya ɗaya.

Duk na san wannan.

Amma akwai mai zuwa ƙarfe biyu da kwata.
Ba ya taya kabeji, ba ya duba karas.
Shafi ɗaya yake buɗewa,
wanda ke da hoton rumfarmu,
Inna a gefe, rabin fuskarta, tana ɗinke bakin buhu.
Minti huɗu, wataran shida.
Sai ya fita ba sallama.

Damina uku ke nan da Mamuda ya ce
zai je Kano ya dawo ran Laraba.
Rigarsa ta sanyi na rataye bayan ƙofa.

Daren Litinin ta ce min: Agadas.
Na miƙe har kujera ta faɗi.
Talata ta ce Jamus.
Alhamis, wani gari da harshena ya kasa ɗauka.
Mutum dai ba shamuwa ba ne.
Na san ana aron adireshi
yadda ake aron hula ranar ɗaukar hoto.
Na san wataƙila ma ba mutum ba ne,
wata na'ura ce mai kiwon shafuka cikin dare,
ba uwa gare ta ba, ba Laraba.
To amma wace na'ura ce
za ta tsaya minti shida kan rabin fuska?

A wutsiyar amsar Litinin akwai ƙaramar lamba,
inda rumbun ke wanke hannunsa:
kuskure zai iya kai kilomita dubu.
Na zana da'irar a kan taswira.
Ta haɗiye hamada.
Ta haɗiye Kano.
Ta haɗiye Unguwar Rogo, da tashar Bauchi,
da ɗakin nan da nake zaune.

Da asuba Inna ta ce, me ya hana ki barci?
Na ce aiki ne.
Ta ce injin naku ya san inda kowa yake?
Na ce yana dai cinka.
Ta ce to, ashe bai fi ni ba.

Jiya na ƙara layi na goma sha biyu,
Davou bai sani ba:
in agogo ya kai biyu da kwata,
in kuma shafin nan aka buɗe,
a rubuta ƙarƙashin hoton, da ƙananan baƙaƙe,
rigarka tana nan.

Yau ya zo.
Ƙasa: babu. Gari: babu.
Uwar garke ta dawo hannu rabbana,
ta kafa shi a gonar nan cikin mutum dubu.

Minti goma sha tara ya yi.
Ban taɓa komai ba.
Har fitilar ta mutu ina riƙe da kofin.