Abin da Baki Bai Ambata Ba

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Aujara,
batirin sola ya fara haki,
ina kan tabarma a zauren Baba Ilu,
kwamfuta a cinya, sauro a kunne,
ina harhaɗa manhajar da ɗakin shan maganinmu
zai riƙa lissafin ƙwayoyi da ita.
Kyauta ce. Wani can nesa ya rubuta, ya bar ƙofa a buɗe.

Gini ya tashi, layi na bin layi kamar tururuwa,
sai ya tsaya cak.
Jan rubutu: an nemi abu kaza, babu.
Na nemo, na sake. Ya yi taku arba'in, ya faɗi.
Ashe wannan ma yana da uwa, uwar na da tata uwar,
data kuwa na zuba kamar ruwa a kwando.

Baba Ilu ya yi tari daga gadon kara.
Shekara hamsin yana ɗora tubali kan tubali.
"Tasi'u, me ya rushe?"
Na ce jerin kayan ne bai cika ba,
mai shi kuma ya ce a wurinsa lafiya lau yake tashi.

Ya yi dariya har haƙorinsa guda ya leƙo.
"Bai yi ƙarya ba, rumbunsa ne cike.
Na taɓa aika wa wani a Harbo jerin kayan katanga:
ƙasa, ruwa, makuba.
Ban ce ramno ba.
Wa ke faɗin ramno? Kullum yana bayan ɗakina.
Damina ɗaya katangar ta durƙusa.
Abin da hannu ya saba ɗauka, baki ba ya ambata."

Sai na share fili wayam, ba ko tsinke,
na hana ginin aro daga abin da na tara.
Duk wanda ya kira bai amsa ba, na rubuta sunansa.
Uku ne. Uku kacal suka cinye mini dare.

Da asuba na hau tudun bayan firamare
inda sabis ke yada zango,
na tura gyaran, layi uku.
Kwana biyu, amsa ta zo: an karɓa, an gode.

Gobe wata a garin da ban san sunansa ba
za ta gina, ya tashi sumul,
ba za ta san an taɓa tuntuɓe a nan ba.

A tsakar gida Baba Ilu na kwaɓa ƙasa da ƙafa,
ya miƙa hannu baya, bai ko waiwaya ba,
ya ɗebo ramno.